Mun Kai Goro Poland Ana Gab da Zaɓe

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A masallacinmu na Barking, a nan Landan, kafin in gama sa takalmi bayan Juma'a sai wani ya dafa ni, "Malam Sani, ya Poland? An ba ku kuwa?" A waya ma haka. Kuma na lura labarin yana sake kama idan ya bar bakina, don kwanan nan wani ya tare ni yana jajanta min, wai ya ji an kulle mu a coci. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru.

Mubarak ɗan yayana ne, marigayi Yaya Usman. A nan Landan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma yawanci da Turanci yake ba da amsa. Aikin gashin ƙashi yake yi a wani asibiti ta wajen Woolwich, can ya haɗu da Marta, wata nas 'yar Poland, har ya zo ya same ni ya ce aurenta yake son yi. Mahaifiyarsa ta yi kukanta ta gama, da ta zauna da yarinyar kuma sai ta sauko. Ni ne ƙanin ubansa, don haka neman auren a wuyana yake.

Matsalar tana can wajen mahaifin Marta, Tadeusz. Shi ne kamar dagacin ƙauyensu a gabashin ƙasar, sai dai su zaɓen dagacin ake yi, kuma a lokacin ya fito takarar shugabancin ƙaramar hukumarsu. Marta ta roƙe mu mu dakata sai an gama zaɓe, muka ce ba komai. Sai aka yi wani suna a Woolwich, matanmu suka ɗaura mata atamfa da ɗankwali aka ɗauki hoto, wata 'yar uwarta ta gani ta tura wa wata. Kafin mu ankara hoton ya zagaye wayoyin ƙauyen, mutanen abokin takararsa suna cewa 'yar Tadeusz ta bar addinin iyayenta, in ya ci zaɓe zai cika musu gari da baƙi. Yankin nasu yana kusa da iyakar da 'yan gudun hijira ke ratsowa ta daji, don haka maganar ta samu wurin zama. Tadeusz ya kira 'yarsa ya ce, "In da gaske suke, su zo yanzu da rana tsaka kowa ya gan su. In sai bayan zaɓe ne, kada su zo."

Marta ta yi gaba ta jirgi. Mu kuwa mota muka shiga, saboda yayarmu Rabi, wadda ita ce babba a danginmu a nan, ta ce ba za a nema wa ɗan Usman aure ba ta nan ba, kuma tun da aka yi mata aiki a kunne ta daina hawa jirgin sama. Ga kuma kaya: turamen atamfa, goro, alewa, turare, kilishi, da kwalbar man shanu da ta ce uwar amarya za ta kai wa. Mubarak ne direba.

Da safiyar Juma'a muka kama hanyar Dover, muka shiga jirgin ruwa da motarmu. Har muka tsallaka Yaya Rabi carbi kawai take ja tana kallon ƙasa don kada ta ga ruwan. A ɗaya gaɓar aka ce mu tsaya gefe a buɗe but ɗin motar. Jami'in, wani dogo mai fara'a, ya ɗaga kilishin ya shinshina, ya ce nama ba ya shiga. Mubarak ya taɓa faɗa mana haka tun a gida, amma Yaya ta ce kilishi ba nama ba ne, tsaraba ce. Ta sake gwada wannan hujjar a wajen jami'in, ta bakin Mubarak, mutumin ya yi dariya ya jefa kilishin a kwando. Sai ya zo kan goron. Ya tambaya mene ne, na ce abin da ake kaiwa ne in za a nemi aure. Ya ɓantari kaɗan ya tauna, ya ɓata fuska, ya ce in dai da wannan muke neman mata to yana yi mana fatan alheri. Ya rufe but ɗin. Man shanun yana naɗe cikin atamfa, bai gan shi ba, daga baya kuma muka yi da-na-sanin hakan.

A wani gari kusa da Lille muka kwana, gidan Malam Isuhu, mutumin Damagaram da muka saba da shi a aikin Hajji. Da muka isa yana shirin fita ɗauko 'yarsa Hadiza daga makaranta, ko lakkwal kamar yadda yake cewa, muka bi shi ni da Yaya don mu miƙe ƙafa. Aka tashi yara. Sai na ga 'yan mata suna fitowa kansu a buɗe, da sun ƙetare ƙofar makarantar sai kowace ta zaro mayafi daga jaka, ta tsaya jikin gilashin motar da ke kusa tana ɗaurawa. Hadiza na cikinsu.

Yaya Rabi ta juya ta kalli Isuhu. "Malam, kana tsaye 'yarka take yawo haka a ciki?"

"Hajiya, doka ce. Makarantar gwamnati ba a shiga da alamar addini, ko wane iri ne. Matata ma da ke aiki a ofishin magajin gari, a bakin ƙofa take cire nata."

"To ku Musulmi me kuka yi musu?"

"Rigimar ta girme mu," in ji shi. "Da cocinsu suka fara. Sun daɗe suna kokawa da limaman coci a kan wa zai riƙe makarantu, da suka yi nasara sai suka rantse addini ba zai sake shiga ba. Mu mun zo mun tarar da ƙofar a rufe ne. Sai dai yanzu in zaɓe ya matso, ba ka jin ana maganar coci, kan matanmu ake magana."

A mota Yaya ta tambayi Hadiza ko abin ba ya damunta. Yarinyar ta ce, "Yana damuna, Gwaggo. Amma likita nake son zama, kuma ta wannan ƙofar ake bi." Yaya ta miƙa hannu ta gyara mata bakin mayafin da ya karkace.

Da muke cin shinkafa da miyar taushe a gidan, Isuhu ya nuna min kalandar bango. Yawancin ranakun hutun ƙasar na bukukuwan coci ne. Ya ce, "Sun kori addini daga aji, amma ba su yarda sun mayar da hutunsa ba." Na ba shi labarin namu na Ingila, inda sarki ne shugaban coci, manyan limaman cocin ma suna da kujeru a majalisar dattawa, amma ɗan takarar da zai ƙwanƙwasa min ƙofa a Barking bai taɓa ambaton Allah ba, maganarsa kwashe shara ce da wurin ajiye mota. In ka gan shi ya cire takalmi ya shigo masallaci, to ka duba kalanda, zaɓe ya kusa. Isuhu ya ce to ai wannan ɗin kamar gida ne.

Washegari muka ratsa Beljiyam ba mu ma san mun shiga ba, babu shinge babu mai tambaya, sai saƙon da ya shigo waya. Muka sauka a wani ƙaramin masauki a Jamus, gidan wata dattijuwa mai jin Turanci. Da safe, ranar Lahadi, Mubarak ya buɗe but ya tsaya yana kallo. Murfin kwalbar man shanu ya kwance, man ya bi turmi biyu na atamfa, ya jiƙa shimfiɗar but ɗin. Warin kuwa, wanda ya san man shanu ya sani.

Muka fito da kaya tsakar gida, Mubarak ya aro injin shara yana ta ruri, ni ina zuba ruwa da bokiti. Ba a jima ba wani tsoho ya leƙo ta shinge yana magana da ƙarfi yana nuna agogonsa. Mai masaukin ta fito da sauri ta kashe injin. Ta ce Lahadi ranar shiru ce, ba a aikin da zai dami maƙwabta, doka ce. Na ce ta ba shi haƙuri, ba mu san mun hana shi ibada ba. Ta fassara masa, ya ba ta amsa, ta yi dariya.

"Ya ce shi rabonsa da coci tun ranar aurensa. Amma Lahadi Lahadi ce."

Muka fita neman sabulu da leda, ko'ina a rufe, manyan kantuna da ƙanana. Sai wani gidan burodi na Turkawa muka samu, a nan muka karya. Mai masaukin ce ta taimaka mana da sabulunta, muna goge but da tsumma a hankali kamar ɓarayi, tana ba mu labari. Ta ce a ƙasarsu in kana cikin coci, gwamnati ce ke cire harajin cocin daga albashinka ta miƙa musu. Ita da ta gaji, ofishin hukuma ta je ta shaida cewa ta fita, ba wajen limami ba. Ta ce kuma cocin ne ke riƙe da asibitoci da gidajen renon yara da yawa, har da wanda jikarta ke zuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan jam'iyyunsu da sunan Kiristanci take amsawa.

Yaya Rabi ta ce min da Hausa, "Ikon Allah. Jiya gwamnati na korar addini, yau kuma ita ce mai karɓar masa kuɗi. Ni na ɗauka Turawa duk abu ɗaya ne."

Ni ma haka na ɗauka, ko da yake na fi shekara ashirin a cikinsu. Atamfa biyun dai ba su cetu ba, muka bar wa matar ta ce za ta yi labule da su in warin ya fita.

Da muka shiga Poland muka nausa gabas sai abin ya sake. A bakin hanya, a mararraba, a gaban gonaki, ko'ina gicciye ne ko ɗan akwatin gilashi da mutum-mutumin Nana Maryam an kewaye shi da furanni. A wani gari muka ga coci ya cika har mutane suna durƙushe a waje kan dutse, samari da 'yan mata, ba tsofaffi kaɗai ba irin na Landan. Hotunan 'yan takara kuwa har jikin shingen da ke kallon ƙofar cocin. Na dubi Mubarak. Na ga yadda ya riƙe sitiyari, na ce masa ya tsaya mu yi sallah mu sha ruwa. Muka shimfiɗa darduma bayan wani gidan mai. Da muka idar ya ce min, da Hausa wannan karon, "Baffa, in suka ce sai na shiga addininsu fa?"

Na ce, "Sai mu gode musu mu juya."

Ya ce, "Na sani." Ni kaina a lokacin ban ga ta inda za mu dawo da labari mai daɗi ba, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda zan kalli uwarsa.

Mun kwana a hanya, muka isa ƙauyen da hantsi. Labule yana motsi a kowace taga da muka wuce. Marta ta fito da gudu, mahaifiyarta na biye tana goge hannu a zane. Tadeusz yana tsaye a bakin ƙofa, gajere kakkaura mai furfurar gashin baki. Ya ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya bai yi murmushi ba.

Abinci kam an yi mana. Uwar Marta ta sayi sabuwar tukunya musamman don kada ta dafa mana a wadda ta taɓa naman alade, ta kawo ta ta nuna wa Yaya da takardar kanti a jiki. Akwai wata jar miya mai tsami-tsami, da kifi, da wani abu kamar samosa amma dafaffe, an cusa masa dankali da cuku. Yaya ta ci ta ce da akwai yaji da ya yi ɗan wake, ta zaro ƙullin yajinta daga jaka. Kakar Marta, tsohuwa tukuf mai ɗankwali ɗaure a haɓa, ta miƙo farantinta a zuba mata. Ta ci, ta yi tari, hawaye ya zubo, ta sake miƙowa. Daga nan su biyun suka manne wa juna. Ba mai jin yaren wani, amma na gan su a kan benci kowace da carbinta, suna gwada na wa ya fi tsawo.

Bayan an kwashe kwanuka na gyara zama na fito da goro da alewa. A nan wani abu ya ɗaure min kai: babu mai fassara sai Marta. A gida yarinyar da ake nema ko kusa da zauren ba ta zuwa, ga ni ina cewa mun ga iri mai kyau a gidan nan mun zo nema, ita kuma tana juya wa ubanta da bakinta, fuskarta ta yi ja. Tadeusz ya saurara har na gama. Ya tambayi aikin Mubarak, da inda za su zauna, da ko zai hana ta zuwa coci. Mubarak ya ce ba zai hana ta ba. Ya tambaya ko zai ƙara mata kishiya, Mubarak ya ce a'a, dokar Ingila ma ba ta yarda ba. Sai ya tsiyaya barasa a ƙananan kofuna, ya tuna ba ma sha, ya mayar da namu gefe, ya shanye nasa.

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba," in ji shi. "Gobe ku je ku gaida Fada."

Fada shi ne limamin cocin ƙauyen. Marta ta yi mana bayani a waje. Ta ce shi ya yi mata baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, shi ya binne kakanta, shi ke koyar da addini a makarantar gwamnati ta garin, kuma duk shekara yana shiga kowane gida ya yi addu'a, don haka ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Ba ya cewa a zaɓi wane. Amma in ya gode wa wani ɗan takara a ƙarshen wa'azi saboda ya gyara rufin coci, kowa ya gane. Kuma matar abokin takarar babanta ce shugabar matan coci. Na ce mata ba sai ta yi dogon bayani ba, ni mutumin Kano ne, na sha zama a sahu ana huɗuba ina jin sunan jam'iyya ba tare da an ambace ta ba.

Da safe muka tafi, ni da Mubarak da Marta. Na zaci zan ga mutum mai zafi, sai na tarar da tsoho siriri, ya haɗa mana shayi da kansa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce wa Marta in tana son a ɗaura a coci sai an nemi izini daga sama, kuma sai ta yi alkawarin yin iya ƙoƙarinta 'ya'yan su tashi a cocin. Ta ce ba za ta ɗauki alkawarin da ta san ba za ta cika ba, a Landan za su ɗaura, a ofishin rajista da kuma masallaci. Sannan ya juyo gare ni.

"Kana da 'ya mace?"

Na ce ina da biyu.

"In yaron ƙauyen nan, Kirista, mai hankali, mai sana'a, ya zo da danginsa har gidanka neman ɗaya, za ka ba shi?"

Marta ta fassara tana kallon ƙasa. Na ji Mubarak ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na san amsar da za ta yi daɗi, amma na ga ba a fara surukuta da ƙarya.

Na ce, "Ba zan ba shi ba. Addinina bai yarda ba."

"Amma ka taho tun daga Landan a ba ka tamu."

"Na taho. Na san abin da nake roƙo ya fi abin da zan iya bayarwa. Shi ya sa roƙo na zo yi, ban zo da hujja ba."

Ya juya cokali a shayinsa. Ya ce yana jin labarin ana ƙona coci-coci a ƙasarmu. Na ce ana yi, ana ƙona masallatai ma, kuma sau da yawa in ka bi sawun wutar za ka tarar da wani mai neman kujera a bayanta. Ya gyaɗa kai kamar wanda ba sabon labari aka ba shi ba.

"Ba na son auren nan," in ji shi, "kuma na faɗa wa Marta a gabanku. Amma Tadeusz ya turo ku ne don in yanke, in ta yi kyau nasa, in ta ɓaci nawa. Ni ba ni da 'ya. Ku gaya masa ranar Lahadi abin da ke cikin littafi zan karanta, ba sunan kowa a ciki."

Da muka fito ban san ko nasara muka yi ko faɗuwa ba. Mubarak ya ce, "Baffa, you could have just said maybe," wato da "wataƙila" kawai na ce masa. Na ce masa tsohon nan ya fi ƙarfin maybe. Marta ta kai wa ubanta saƙon, ya saurara, ya ɗauki hularsa ya tafi gona, bai dawo ba sai la'asar. Yaya Rabi ta fara ninke kayanta.

Da ya dawo sai ya ce mu shirya, akwai taron 'yan takara a zauren 'yan kwana-kwana na ƙauyen, tare za mu je. Na ce wa Marta anya kuwa, kada mu ƙara ɓata masa. Ta ce haka ya ce. Yaya ta sa babban mayafinta, ni na sa babbar riga, tunda dai ganinmu ake son yi.

Zauren ya cika. Akwai gicciye a bango sama da tutar ƙasa. Da muka shiga surutu ya ɗauke, Tadeusz ya kai mu layin gaba ya zaunar, kaka ta zo ta zauna kusa da Yaya ta riƙe mata hannu. Can sai ga Fada ya shigo da sandarsa, mutane suna miƙewa. Kujerarsa tana ɗaya gefen, amma ya biyo ta gabanmu, ya tsaya, ya ba ni hannu, ya kira sunana a karkace, ya wuce ya zauna. Iyakar abin da ya yi ke nan. Na ji numfashin mutanen da ke bayana ya sauya.

Aka yi ta magana a kan hanyar da ta lalace da motar ɗaukar 'yan makaranta, Marta na raɗa min. Sai wani mutum daga baya ya miƙe ya yi tambaya, wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Marta ba ta fassara ba, sai da na matsa. Ta ce yana tambaya ne ko in Tadeusz ya ci, a ina za a gina masallacin.

Tadeusz ya tashi a hankali. Bai yi doguwar magana ba, kuma bai ɗaga murya ba. Yana cikin yi na ga Marta ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba. Na ce mene ne, ta kasa. Sai da ya zauna sannan ta ce, "Ya ce mutanen nan sun ratso ƙasa huɗu sun shigo ta ƙofar gaba sun tambaye shi, abin da rabin samarin ƙauyen nan ba su yi wa iyayen matansu ba. Ya ce wancan yaron zai auri 'yarsa. Wanda zai zaɓe shi don hanya ya zaɓe shi, wanda zai ƙi shi don surukinsa ya ƙi."

Haka na ji an ba mu, a tsakiyar taron siyasa, ta bakin amaryar. Ba a yi tafi ba, ba a kuma yi ihu ba. Wata mata ta tashi ta fita. Wani ya sake tayar da maganar hanya. Ni dai na jingina da kujera ina hamdala a zuci. Yaya ta leƙo ta ce, "Sani, me ake ciki?" Na ce, "An ba mu, Yaya." Ta ce, "To madalla," ta buɗe jaka ta fara miƙa wa na kusa da ita alewa, suna karɓa suna kallon juna.

Dawowarmu ba wani labari. An cika mana but da zuma da tuffa da kwalaben kokwamba mai tsami, Mubarak yana waƙa tun daga ƙauyen har Jamus, muka roƙe shi ya bari. Da muka fito daga jirgin ruwa a Dover aka koma tuƙi ta hagu, Yaya ta ce ita ba ta taɓa zaton za ta yi murnar ganin ruwan saman Ingila ba.

Bayan an yi zaɓen Marta ta kira ni ta ce babanta ya faɗi. Abin ya tsaya min a rai, na ce ta haɗa ni da shi in yi masa jaje. Muka yi waya mu uku, tana fassara. Na ce masa mun ji abin da ya faru, kuma in zuwanmu ne ya jawo, muna ba shi haƙuri.

Ya yi wata gajeriyar dariya. Ya ce, "Rabin ƙauyen sun ce saboda ku ne. Matata ta ce saboda hanyar ce, shekara nawa ina alkawari ban gyara ba. Ni maganar matata na ɗauka." Sai ya ce yanzu tunda ba shi da ofis yana da lokaci, a sa ranar ɗaurin aure bayan girbi, kuma a nema musu masauki a ƙasa ba a bene ba, don tsohuwa, kakar Marta, ta ce da ita za a zo.